Shagon hatsin Baba duk a kansa yake: ta ina zan fara?

"Malam, barka da aiki. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ya daɗe yana harkar wake da gero da riɗi. Yanzu girma ya kama shi, kuma komai na shagon a kansa yake: wanda muke bi, wanda ke binmu, da inda ake samun kaya mai kyau. Na gama karatu na dawo in taya shi. Wani abokina ya ce in sayi kwamfuta da manhajar lissafi, in buɗe shafin talla a intanet. Baba kuwa ya ce shi da ka ya tara abin da ya tara. Ta ina zan fara don kada kasuwancin nan ya mutu a hannuna?"

Ƙanena, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya kuma yi maka albarka da ka dawo gida. A fili kana tambayar abin da za ka saya ne, amma abin da ke hana ka barci wani ne daban: in aka wayi gari Baba bai iya fitowa kasuwa ba, me zai rage a shagon ban da buhuna da sikeli? Sana'ata ita ce zama da masu ƙananan kasuwanci ina daidaita musu littattafan lissafi, kuma na sha shiga shago in tarar da kwamfuta a lulluɓe da tsumma, ƙura ta rufe ta, ana ta ciniki da ka kamar yadda aka saba. Saboda haka kada ka saya tukuna. Ka fara da fitar da abin da Baba ya sani zuwa inda wani zai iya samunsa. Wayar da ke aljihunka ta ishe ka wannan aiki. Kuɗin kwamfutar kuma akwai inda ya fi buƙatarsu, zan zo kan wannan.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan shagunan

Mutane suna zaton asara ce ke rufe manyan shaguna. Tana rufewa, amma a abin da na gani, ciwon mai shago ko rasuwarsa sun fi ta ɓarna. Tun kafin a tashi daga zaman makoki masu bin bashi sun fara sallama, kowa da adadin da ya riƙe, babu takardar da za a gwada maganarsa da ita. Waɗanda ake bi kuwa, mai tsoron Allah ya zo ya faɗa, sauran su yi gum. Kuɗin da ke banki da sunan mamacin ba ya fita sai an bi ta kotu an samo takardar izinin kula da dukiyarsa, abin da kan ci watanni, alhali kaka ba ta jiran kowa. Daga nan sai rabon gado, a tarar jari da kuɗin cefane da amanar mutane duk a aljihu ɗaya suke, ba wanda zai iya tantance su.

Ko da ran mai shago ma, littafi guda ɗaya da ke cikin shago ba abin dogaro ba ne. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agusta na 2022 ba kaya kaɗai suka ci ba, duk takardar da ke cikin shago tare da kayan take tafiya.

Baba yana da gaskiyarsa

Kada ka shiga shagon nan da tunanin kai ne mai ilimi shi kuma mai tsohon yayi. Mutumin da ya daɗe yana cin abinci a Dawanau, kasuwar da ake kira mafi girman kasuwar hatsi a Afirka ta Yamma, yana da sanin da babu manhajar da aka zuba wa irinsa. Sai dai sanin nasa ba iri ɗaya ba ne, kuma ba hanya ɗaya ake kama shi ba.

Akwai wanda alƙalami ke ɗauka cikin sauƙi: sunayen masu bashi da adadi da ranar alkawari, dillalan da yake hulɗa da su da la'adar kowanne, direbobin da ya yarda da su, kuɗin dako da na lodi, adadin buhunan da ke kowane sito da na wane ne. Wannan ka rubuta shi cikin makon nan. Littafi mai kauri guda biyu, ɗaya na bashi ɗaya na shige da ficen kaya. Duk yamma ka ɗauki hoton shafin ranar da waya, ka tura shi zuwa imel ɗin da ka buɗe don shagon kaɗai. Daga ranar, gobara ko ruwa ba za su iya cinye lissafinku ba, kuma ba ka kashe ko sisi a kan manhaja ba.

Akwai kuma sanin dalili, wanda shi ne mai tsada, shi ne kuma aka fi sakaci da shi. Me ya sa Baba yake ba wane kaya bashi ba ya ba wane, alhali na biyun ya fi kuɗi? Me ya sa yake sayen wake a farkon kaka amma ya jinkirta gero? Wace kasuwar ƙauye ce mudunta ke da ƙaranci, wace ce ake cakuɗa tsohon kaya da sabo? In ka ce masa "Baba, koya mini kasuwanci," zai ce maka ka zauna ka gani, domin shi kansa bai taɓa jera abin cikin magana ba. Dabarar da nake ba mutane ita ce a yi tambaya a kan abin da ya faru yanzu. An kawo mota, Baba ya soka hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya murza, ya ce a tafi da kayan. Kada ka yi magana a gaban mai kaya. Bayan la'asar, in kasuwa ta lafa an kawo shayi, sai ka ce, "Baba, waken ɗazu me ka gani a jikinsa?" A nan bakinsa zai buɗe. Zai ce maka ya ga farin ƙwai a manne a jikin ƙwayar, ko ya ji warin magani, ko kuma mai kayan ya cika saurin rage kuɗi. Ka nemi izininsa ka ɗauki muryarsa da waya, da dare ka rubuta gundarin maganar a layi biyu ko uku, da kwanan wata. Ni har shafi na musamman nake sa a buɗe na kayan da aka ƙi saya da dalilin ƙin. Bayan kaka ɗaya shafin nan ya fi littafin riba koyar da mutum.

Sai na ƙarshe, wanda ke hannu da ido da haƙori. Baba yana gatsa ƙwayar masara ya san ko ta bushe. Wannan ba ya rubutuwa, sai da zama kusa da shi. Abin da za ka iya shi ne ka sa awo a gefen hukuncinsa. Akwai 'yar na'urar auna danshin hatsi ta hannu. Duk lokacin da ya gatsa ya ce "wannan ta yi" ko "wannan da saura," ka auna ka rubuta lambar. A hankali za ka ga inda haƙorinsa ke yanke hukunci, yawanci kusa da kashi 13 cikin 100 ga masarar ajiya, sai ya zama lambar da yaron shago ma zai iya aiki da ita. In na'urar ba ta samu ba, akwai gwajin gishiri: busasshiyar kwalba, busasshen gishiri, a zuba hatsin a girgiza a ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba.

Kada ka manta da yaran shago. Wanda ya daɗe yana ɗinkin buhu da jera kaya ya san kusurwar siton da ke yoyo da damina da wadda ɓera ke shigowa ta ciki. Ba a tambayarsu, shi ya sa ba sa faɗa.

Yadda za ka shawo kansa

Maganar "zamani ya canza" ba za ta kai ka ko'ina ba wurin dattijo. Ka zo masa ta inda yake girmamawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Zakkar kayan kasuwa kuma ba ta fita daidai sai an ƙiyasta kayan da ke sito, an haɗa da kuɗin hannu, an san basussuka. Dattijo mai tunanin haɗuwarsa da Allah ba ya son ya bar haƙƙin wani a wuyansa saboda mantuwa. In ka ce masa, "Baba, so nake in rubuta don kada haƙƙin wani ya maƙale mana," da wuya ya hana ka.

In ya ce magabata ba su yi haka ba, ka tuna masa da Alhassan Ɗantata. Ya faro da fataucin goro, da jirgin ƙasa ya iso Kano harkar gyaɗa ta buɗe sai ya rungume ta, kuma lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano yana cikin waɗanda suka kai kuɗinsu ajiya. Ya rasu a 1955, amma da yake ya shigar da 'ya'yansa cikin harkar tun yana raye, kuma ya mai da ita kamfani mai suna, gidan yana kasuwanci har yau.

Wannan ya kawo mu maganar rajista. Rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba ta raba shago da mai shi a idon doka. Kamfani mai iyakataccen alhaki shi ne ke ci gaba da rayuwa ko mai shi ya rasu, sai dai a gaji hannun jarinsa, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ma ya kafa ƙaramin kamfani. Yana zuwa da nauyinsa na cike takardu duk shekara da maganar haraji, don haka ku zauna da lauya kafin ku yanke shawara. Ko ba ku kai nan ba, a raba asusun shago da na gida tun yanzu, a yanka wa gida abin cefane sananne duk wata.

Inda waya ke da amfani, da inda take cizo

Farkon 2023 ya koya wa kowa darasi. Da Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta ɓace, wanda bai yarda da taransifa ba ya zauna yana kallon kayansa. Tun daga lokacin na'urar POS ta Moniepoint da OPay da ire-irensu ta shiga kowane layi na kasuwa. Amfaninta gare ku ya wuce karɓar kuɗi. Duk cinikin da ya bi ta asusun shago yana rubuta kansa da kansa, da rana da sa'a. Bayan shekara kuna da tarihin ciniki da za ku iya nuna wa banki, ciki har da bankunan da ba sa harkar ruwa irin su Jaiz da TAJ, domin su ma sai sun ga shige da ficen kuɗi kafin su sayi kaya su sayar muku da riba sananniya.

Amma a kafa doka a shagon: ba a sakin kaya da ganin saƙon tes ko hoton rasit a wayar mai saye. Sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna. Alat na bogi ya tagayyara mutane da yawa, kuma masu yinsa sun fi son lokacin da shago ya cika da hayaniya.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne lambar waya. A shaguna da yawa, abokan ciniki na Legas da Onica da Maraɗi lambar yaron shago suka sani, a WhatsApp ɗinsa suke tura oda. Ranar da ya tashi, ko an sallame shi da alheri ko an rabu baram-baram, da su zai tafi. Ku sayi layi na shago da waya ta shago, ku sa WhatsApp Business a kai, a nan za a riƙa karɓar oda da tura hoton kaya da farashin ranar. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da za ku sa wa WhatsApp ɗin, domin masu satar WhatsApp suna kiran mutum su ce ya karanto musu lambar da aka turo masa, daga nan su shiga neman kuɗi da sunansa wurin mutanensa. Lambobin sirri kuma mutum biyu amintattu su san inda aka adana su.

Shafin talla da abokinka ya ambata, ni ban ga gaggawarsa ba. Mai sayen tirelar wake ba a Facebook yake neman mai kaya ba, ta bakin wanda ya yarda da shi yake zuwa. In ka fara ƙulla tsabtataccen wake ko garin kunu a ƙananan ledoji don masu sayen ɗai-ɗai, a lokacin talla za ta yi ma'ana.

Kuma kada ka yar da takarda. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, har tsawon makonni. Mai sayen kaya a kasuwannin ƙauyen can da ya dogara da waya kaɗai ya ga ta kansa. Littafi da waya tare suke tafiya, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Manhajar lissafi kuwa, in kun yi wata shida kuna cike littafi ba fashi, kun san abin da kuke so ta yi muku, sai ku zaɓi wadda ke aiki ko babu intanet, wadda kuma za ta bar ku ku fitar da bayananku in kun so barinta. Kamfanonin manhaja suna rufewa kamar kowane shago.

Sito ne ya fi cancantar kuɗin kwamfutar

Ga mai harkar wake, babbar sabuwar dabara ba a allon waya take ba. Ka san yadda ƙwaro ke yi: yana shigowa tun daga gona, cikin 'yan watanni buhu ya koma huji da gari. Abin da aka saba shi ne a zuba magani, wasu har da irin su Sniper, wanda ba a yi shi don abinci ba. Wannan ɗabi'a ta jawo Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, saboda yawan sinadarin da aka samu a jikinsa. A gida ma mutane sun farga, uwargida na shinshina wake kafin ta auna.

Buhun PICS, mai ciki uku, ya magance wannan ba tare da ɗigon magani ba. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ciki daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samo dabarar tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa ta sosai daga 2007 a ƙasashen yankinmu, ciki har da Najeriya da Nijar. Sharuɗɗansa ba su da yawa amma ba sa ɗaukar wasa: kayan su bushe sarai, a duba ledar kada a samu huji, kada a riƙa buɗewa, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Mai dako kuma ya ajiye ƙugiyarsa, huji ɗaya ya ɓata aikin. In an kula da shi yana yin fiye da kaka ɗaya.

Ga inda rubutu da sabuwar dabara ke haɗuwa. Kada ka yi wa Baba gardama. Ka roƙe shi buhu goma daga kaya ɗaya, biyar a ajiye yadda aka saba, biyar a buhu mai ciki uku. Ka rubuta nauyin kowanne da kuɗin da aka kashe masa, ka ɗauki hoto. Bayan wata biyar ko shida a buɗe a gabansa, shi ya soka hannu da kansa, a sake aunawa, a ga wanne mai saye zai fi ba kuɗi. Duk wani sabon abu da za ka kawo shagon, ta wannan hanya ka shigo da shi: kaɗan, a gefen tsohon, da awo. In gwajin ya yi kyau, kun sami abin da za a san ku da shi, wato wake marar magani, kuma masu ɗaukar kaya da yawa irin makarantun kwana da kamfanonin abinci suna neman wanda zai iya nuna musu daga ina kaya ya fito da yadda aka adana shi. Littafinka na shige da fice shi ne shaidar.

Maganar wutar lantarki gajeriya ce. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, janareta ya zama mai cin riba. Shagon hatsi ba ya buƙatar wuta mai yawa, ƙaramin sola da zai riƙe fitila da fanka da cajin waya da POS ya wadatar.

Abin da duk wannan ba zai yi muku ba

Rubutu ba ya hana farashi faɗuwa. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024, masu harka ta Maigatari da Jibiya da Illela sun ji a jikinsu, mai littafi da marar littafi. A 2024 gwamnati ta ba da sassaucin harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma da farashin hatsi ya sauko a 2025, da yawa daga waɗanda suka cika sito da tsada sun tafka asara. Abin da littafi zai yi maka a irin wannan hali shi ne ya gaya maka ainihin kuɗin da buhu ya tsaya muku, da dako da ajiya da abin da ya ragu a nauyi, don ka san ranar da ya kamata ka saki kaya ko da zuciya ba ta so.

Haka nan ban ga shagonku ba, shawarata a kan abin da ka rubuto take. Maganar 'yan'uwanka da haƙƙinsu a dukiyar kuwa ta fi ƙarfin mai lissafi, ta malamai ce da manyan gida. Abin da zan ce kawai, matsayinka a shagon ya fito fili tun Baba yana da ƙarfinsa: albashi kake karɓa, ko kaso kake da shi a riba, ko taimako kake yi? A faɗa a gaban shaidu, a rubuta. Kuma littattafan nan su zama a buɗe ga duk ɗan gidan da ya nemi gani, domin ɗan da ya dawo daga makaranta ya riƙe lissafi shi kaɗai, ko yana da gaskiya sai an zarge shi.

Kafin kaka ta shigo, ka gama littafin bashi, ka bi masu bashin ɗaya bayan ɗaya tare da Baba ko da saƙonsa, kowa ya tabbatar da adadinsa. Wannan zagayen shi ne kuma zai gabatar da kai ga mutanensa, su san fuskarka da muryarka tun yana nan yana cewa "ɗana ne, ku ba shi kaya." Ka buɗe asusu da layin shago, ka tanadi buhunan gwaji tun kafin sabon wake ya fara sauka a kasuwa.